Yaƙin Cikin Kwamfuta da Yaƙin da Muka Ji da Kunnuwanmu

Yau ina tafe da wata magana wadda na san wasu za su ce ta yara ce, to amma in aka yi haƙuri aka karanta zuwa ƙarshe za a ga cewa ta shafi kowane magidanci da ke cikinmu.

Ran Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a ƙofar gida bayan La'asar tare da wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG a farkon shekarun 1990. Ɗana mai shekara 15 da abokansa biyu suna gefe a kan benci, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, suna wasan nan na harbe-harbe. Can sai ɗaya daga cikinsu ya cire abin sauraron da ke kunnensa, ƙarar bindiga ta fito tar daga wayar. Wallahi na ga lokacin da kafaɗar dattijon nan ta motsa. Bai ce komai ba, sai da ya ajiye kofin shayinsa sannan ya kira yaron ya ce ya kawo ya gani.

Ɗana ya matso da murnarsa ya durƙusa, ya ce, "Baba, ai wannan kamar gaske ne. Duk irin bindigar da kuka riƙe akwai ta a ciki." Dattijo ya ƙura wa wayar ido, ya ce bindiga kam ita ce, har yadda take dukan kafaɗa sun kwaikwayo. Sannan ya tambaye shi, to in aka harbe ka fa? Yaro ya ce, "Sai in sake tashi, Baba, ba a daɗewa." Dattijo ya miƙa masa wayarsa, ya ce, "Mu namu ba su tashi ba." Daga nan ya koma kan shayinsa, muka shiga wata hirar.

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a ka. Kafin in ci gaba bari in wanke kaina, kada a ɗauka ni maƙiyin wasannin kwamfuta ne. Gyaran kwamfuta ce sana'ata, kuma ni ma na yi zamanina. Wanda ya san shagunan intanet na Ikko a wajajen 2003 da 2004 ya san yadda ake sayen lokacin kwana, a kulle ƙofa da mutane a ciki, janareto na ta ruri har asuba. Wasu na neman biza, wasu na aika wasiƙu, mu kuwa muna can kusurwa muna fafatawa a Counter-Strike da Delta Force: Black Hawk Down. Na san daɗin abin, na san yadda yake riƙe mutum. Saboda haka ba daga nesa nake jifa ba.

Ina aka samo wannan "kamar gaske"?

Da farko ya kamata mu san cewa alaƙar soja da wasa tsohuwa ce. Tun a 1824 rundunar ƙasar Furusiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, ta karɓi wani wasa da ake yi a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe domin koya wa hafsoshi dabarun yaƙi. Da kwamfuta ta zo sai abin ya koma cikinta. A 1996 sojojin ƙundunbalar Amurka suka ɗauki wasan Doom II suka sauya masa fasali don atisayen ƙananan rukunoni. A ranar 4 ga Yulin 2002 kuwa, rundunar sojan ƙasa ta Amurka da kanta ta fitar da wasa mai suna America's Army, kyauta ga duk mai so, kuma ba su ɓoye manufarsu ba: jawo hankalin matasa su shiga soja. Wasan nan ya yi shekara ashirin yana aiki kafin a rufe shi a 2022. Haka kuma wasan Full Spectrum Warrior da ya fito kasuwa a 2004, asalinsa kayan horar da soja ne aka mayar da shi na sayarwa.

A ɗaya ɓangaren akwai wani kamfani na ƙasar Cek mai suna Bohemia Interactive, wanda ya fitar da Operation Flashpoint a 2001, daga baya kuma jerin wasannin Arma. Daga jikin wannan aiki nasu ne aka samar da manhajar atisaye mai suna VBS, wadda rundunonin ƙasashe da dama, har da Amurka da Birtaniya, suka yi amfani da ita wajen horo. Wato abin da soja yake atisaye da shi a bariki da abin da yaro yake bugawa a ɗaki, uwa ɗaya uba ɗaya suke.

To amma ba duka wasannin ne suka zama ɗaya ba, kuma yana da kyau iyaye su san bambancin. Akwai irin su Call of Duty, waɗanda fim ne kawai aka ba ka bindiga a ciki. Za a yi maka ruwan harsasai, ka laɓe bayan bango na ɗan lokaci kaɗan, raunin ya warke da kansa, ka fito ka ci gaba. Akwai kuma irin su Arma, waɗanda masu su ke alfahari da cewa sun bi ƙa'ida. A can harsashi ɗaya na iya gamawa da kai. In ka harba daga nesa sai ka yi lissafin yadda harsashin zai sunkuya kafin ya isa. In bam ya tashi a can nesa za ka ga walƙiyarsa kafin ƙararsa ta iso, domin sauti ba ya wuce kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. In ka ɗauki kaya masu nauyi ka yi gudu, numfashinka zai hana ka saita bindiga. Kana iya yin rabin awa kana tafiya a ƙasa ba ka ga kowa ba, sannan a kashe ka ba tare da ka san daga ina aka harbo ba. Tsibirin da aka gina wa Arma 3, wanda ya fito a 2013, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 270, kuma an kwaikwayo shi ne daga tsibirin Lemnos na ƙasar Girka.

Neman wannan kamanni ya kai wasu ga shiga uku. A 2012 hukumomin Girka sun kama ma'aikatan Bohemia Interactive biyu a Lemnos ɗin bisa zargin leƙen asiri, saboda hotunan da aka ce sun ɗauka a kusa da wuraren soja, suka yi kimanin wata huɗu a tsare kafin a ba da belinsu. A shekarar dai, an ladabtar da wasu zaratan sojojin ruwan Amurka su bakwai saboda sun ba masu shirya wasan Medal of Honor: Warfighter shawarwari ba da izini ba. A 2021 kuma wani mai buga wasan War Thunder ya saki shafukan littafin sirri na tankar yaƙin Birtaniya mai suna Challenger 2 a intanet, don kawai ya nuna cewa masu wasan ba su zana tankar daidai ba. Kai jama'a! Mutum ya sa kansa a hanyar gidan yari a kan tankar da ba ta wuce hoto a allo ba.

Yadda yake haɗiye mutum

Abu na biyu shi ne nutsewa, wato yadda mutum ke shiga cikin wasan har ya manta inda yake zaune. Wannan ba tsautsayi ba ne, aiki ne aka zauna aka tsara. Ana nuna maka duniyar ne ta idon sojan, ba ka ganin fuskarsa, hannuwansa kawai kake gani riƙe da bindiga, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka naka ne. An tsara sautin yadda in ka sa abin sauraro za ka gane takun da ke zuwa ta bayanka ta hagu ne ko ta dama. Sannan ga abokan wasa, mutane ne na gaske, kuna magana kai tsaye, in ka tashi ka bar su ka ci amanarsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙarfi. Duk uban da ya taɓa kiran ɗansa salla ya ji ya ce "Baba, bari a gama wannan zagayen," to ya gamu da shi. Yaron ba raina ka ya yi ba, a ransa yana ganin akwai mutum uku da rayuwarsu ke hannunsa.

A zamaninmu sai ka je shago ka biya kuɗi kafin ka samu wannan. Yanzu kuwa tun da PUBG Mobile ya fito a 2018, Call of Duty: Mobile ya biyo baya a 2019, filin dagar yana cikin aljihun yaro, yana kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Abin da aka bari a waje

To a nan ne nake da magana. Duk wannan ƙoƙari da aka yi, a kan ƙarfe aka yi shi. An auna nauyin bindiga, an ɗauki ƙararta, an ƙirga harsasai talatin da ke cikin gidan harsashin AK-47, an zana tanka har da ƙusoshinta. Amma mutanen da yaƙi ke faɗawa a kansu fa? Wanda ya buga wasannin nan ya san yawancin garuruwan cikinsu fayau suke. Ga gidaje, ga motoci, ga rumfunan kasuwa, amma babu tsohuwar da ta kasa gudu, babu mai jego, babu yaron da ya ɓace wa uwarsa. An share fili an bar wa masu bindiga kawai.

Mu mazauna Ikko mun san yadda abin yake in ba a share filin ba. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da yamma, rumbun makaman barikin soja na Ikeja ya kama da wuta. Ina Agege a ranar. Ba wanda ya san abin da ke faruwa, wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa wata ƙasa ce ta kawo hari. Ƙasa na girgiza, gilasai na zubewa, sama ta yi ja. Mutane suka fantsama cikin duhu ba su san inda suka dosa ba, ɗaruruwa suka afka cikin magudanar ruwan Oke-Afa wadda ciyawa ta lulluɓe samanta, suka nutse. Fiye da mutum dubu ne suka rasu, da yawansu mata da ƙananan yara. Ku lura, a ranar babu abokin gaba ko ɗaya. Ba wanda ya saita bindiga a kan kowa. Ƙarar makamai da firgici kawai suka yi wannan ɓarna. Mako guda bayan haka rikicin Idi-Araba ya ɓarke, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba sa buƙatar in tuna musu da shi.

Abin da na riƙe daga waɗannan kwanaki ba ya cikin kowane wasa da na taɓa bugawa. Neman ɗan uwa daga asibiti zuwa asibiti. Kwana a barikin 'yan sanda da tabarma ɗaya. Tsayawa a layin mai wayar kan titi don ka sanar da mutanen gida cewa kana raye. Lissafin ko za ka kwashe iyali ka sa su a motar Arewa, ko za ka daure ka ga abin da gobe za ta haifar. In wasa bai ƙunshi wannan ba, to a ce ya yi kama da bindiga, kada a ce ya yi kama da yaƙi.

Ni kaina sai da na girma na gane abin da nake yi a Black Hawk Down. Wasan an gina shi ne a kan faɗan Mogadishu na Oktoban 1993, inda sojojin Amurka 18 suka mutu, 'yan Somaliya kuwa ɗaruruwa. Ni baƙar fata, Musulmi, ina zaune a Ikko tsakar dare ina harbin mutanen da suka yi kama da ni, a lungunan da suka yi kama da na garinmu, ina murna in na tsallake mataki. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina su wane ne waɗannan da nake zubarwa ba. Wasan bai ba su suna ba, ni ma ban nema ba.

Akwai wani mataki a Call of Duty 4: Modern Warfare na 2007 da ya yi suna ƙwarai. Kana cikin jirgin yaƙi samfurin AC-130, kana kallon ƙasa ta na'urar da ke gano zafin jiki, mutane sun zama 'yan ɗigo-ɗigo masu motsi, kai kuma kana danna maɓalli suna ɓacewa. Masu sharhi sun yaba da cewa da ƙyar ake bambanta shi da bidiyon soja na ainihi, kuma gaskiya suka faɗa. To amma mu mun san abin da ɗigon nan yake zama in an sauko ƙasa. A Janairun 2017 jirgin sojan samanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno bisa kuskure, mutane da yawa suka rasu har da ma'aikatan agaji. A ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumomi suka tabbatar da rasuwar aƙalla mutum 85. A cikin wasa, in ka harbi wanda bai kamata ba, rubutu ne zai fito a ce ka sake gwadawa. A Tudun Biri kabari aka haƙa.

Labarin wa ake ba mu?

Wani abin lura kuma shi ne, idan wasa ya gamsar da kai cewa bindigarsa ta gaske ce, cikin sauƙi za ka yarda cewa labarinsa ma na gaske ne. A Fabrairun 1991, dakarun ƙawance ƙarƙashin Amurka sun yi luguden wuta a kan ayarin sojojin Iraƙi da ke janyewa daga Kuwaiti, har aka sa wa hanyar suna Hanyar Mutuwa. A Call of Duty: Modern Warfare na 2019 an kawo wata hanya mai wannan suna a wata ƙasa ta ƙirƙira, amma aka ce Rasha ce ta yi aikin. Yaron da bai san tarihi ba, wanne zai riƙe? Haka wasan Six Days in Fallujah, wanda aka gina kan yaƙin birnin Falluja na 2004: kamfanin Konami ya janye daga fitar da shi a 2009 saboda ƙorafin jama'a, har da iyalan sojojin da suka mutu a can, amma aka farfaɗo da shi ya fito a 2023.

Ba Turawa kaɗai ke wannan ba. A 2003 ƙungiyar Hizbullah ta Labanan ta fitar da nata wasan mai suna Special Force, inda aka juya hoton, mai wasa ya zama mayaƙinta. Kowa ya gane cewa wanda ya riƙe wa yaro bindiga a allo, shi ke gaya masa wane ne mugu.

Don a ɗan yi dariya, Ikkon nan tamu ma ta shiga. A Call of Duty: Advanced Warfare na 2014 akwai matakin da ake yi a Legas ta shekarar 2055, sojojin haya na ƙetare sun zo ceton Firayim Ministan Nijeriya daga hannun 'yan ta'adda, ana tsalle daga kan wannan mota zuwa waccan a babban titi. Da na gani na ce ko ba komai sun san muna da cunkoson motoci. Amma ko a can ɗin, mu ne ake ceto, wasu ne masu ceton.

Inda abin ya zo har ƙofar gidanmu

Wanda bai taɓa riƙe wasa ba zai ce to ni ina ruwana? Ga ruwanka. Hotunan wasannin nan sun kai matsayin da ake yanko su a yaɗa a matsayin bidiyon yaƙi na gaske. A 2011 gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya nuna wani bidiyo a cikin shirinsa ya ce 'yan ƙungiyar IRA ne ke harbo jirgi mai saukar ungulu a 1988, ashe daga Arma 2 aka ciro shi, sai da suka ba da haƙuri. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, da na Gaza a 2023, an yi ta yaɗa guntayen Arma 3 ana cewa daga fagen fama ne, har kamfanin da kansa ya fito ya yi wa jama'a bayanin yadda za su gane na bogi.

In ƙwararrun 'yan jarida a Landan sun faɗa wannan rami, ina ga kawuna da ke sayar da albasa a Mile 12, wanda aka turo wa bidiyo a WhatsApp da murya a kai ana cewa ga abin da ake yi wa 'yan Arewa a wuri kaza? Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin cewa jita-jita tana kisa. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 daga 'yar hatsaniya tsakanin mutum biyu ya faro, kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje. A irin wannan yanayi bidiyo ɗaya na ƙarya ya isa ya tayar da unguwa.

Ga kaɗan daga alamomin da ake gane su. Yawanci hoton dishi-dishi ne da gangan, kuma da dare ake nuna abin don duhu ya rufe aibu. Kyamarar na rawa fiye da kima. Ba ka jin muryoyin mutane na gaske, ba ka ganin fuska a kusa, domin motsin ɗan Adam shi ya fi wuyar kwaikwayo. Wuta da hayaƙi sukan tashi iri ɗaya kowane lokaci. Kuma abin mamaki, yaran nan da muke yi wa faɗa sun fi mu iya gane su da kallo ɗaya. Kafin ka tura wa wani, miƙa wa ɗanka ya duba maka.

A yi wa abin adalci

Ba zan ce wasannin nan na mayar da yara 'yan ta'adda ba, domin ba ni da hujja. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar shaidar kimiyya da ke nuna wasannin tashin hankali ne ke sa mutum ya aikata ta'asa. Waɗanda suka addabi garuruwanmu a Zamfara da Katsina ba a gaban kwamfuta suka koyi harbi ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019 shi ne cewa yawan wasa na iya zama cuta in ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya bar karatu da aiki da barci saboda shi. Wannan kuwa muna ganinsa da idonmu.

Haka nan akwai masu ƙoƙarin cike giɓin da na ambata. A 2017 an ƙara wa Arma 3 wani sashe mai suna Laws of War, wanda aka yi da haɗin gwiwar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, inda kake zama ma'aikacin agaji mai tono nakiyoyin da yaƙi ya bari. Wani kamfanin ƙasar Folan ya fitar da This War of Mine a 2014, wanda aka samo tunaninsa daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo tsakanin 1992 da 1996. A cikinsa kai farar hula ne a gidan da ya rushe, kana neman abinci da magani, kana yanke shawarar ko za ka saci na tsofaffin maƙwabtanka don naka su rayu. Na buga shi dare biyu na ajiye, domin ya tuna mini abin da ba na son tunawa. A wurina shi ne ya fi duk sauran kama da gaske, alhali hotunansa kamar zanen fensir suke. Kuma daga jikin Full Spectrum Warrior ɗin nan ne masana a wata jami'a ta Kalifoniya suka gina manhajar da ake jinyar sojojin da suka dawo daga Iraƙi da firgici a zuciya. Ashe wuƙar da ta yanka ita ce kuma ake fiɗa da ita a asibiti.

Matsayata

Ban ƙwace wayar ɗana ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi haka. In ka ƙwace, zai je ya buga a ta abokinsa, ka rasa wayar ka rasa yaron. Abin da na yi shi ne na zauna kusa da shi na ce ya koya mini, ya yi ta dariya yadda ake kashe ni tun ban taka ko'ina ba. Da muka gama na tambaye shi, gidan nan da ka jefa wa gurneti, ina masu shi suka tafi? Ya ce ai babu kowa a ciki. Na ce to a ina ka taɓa ganin gari babu kowa a ciki? Daga nan na ba shi labarin ranar Ikeja, wanda ban taɓa ba shi ba, da yadda na goya yayarsa tana jaririya muka bi titin jirgin ƙasa cikin duhu. Ya yi shiru ya saurara har na gama.

Mun yi yarjejeniya uku. Babu wasa daga kiran Magariba har a idar da Isha'i, babu shi kuma bayan ƙarfe goma na dare. Duk sabon wasan da zai saukar sai mun duba alamar shekarun da ke jikinsa tare, domin yawancin manyan wasannin Call of Duty an yi musu alamar 'yan shekara 18 ne a Turai, mu kuwa nan ba mai dubawa. Na uku, duk bidiyon yaƙi ko na rikici da aka turo mini, shi ne mai tantance mini kafin in yarda da shi. Wannan na ukun ya fi faranta masa rai, don ya ga an ba shi girma.

Ina kira ga shugabannin al'ummarmu, sarakunan Hausawa da limamai da malaman Islamiyya, su san cewa wannan abu yana nan a hannun kusan kowane yaro. Wa'azin "ku daina" kaɗai ba zai wadatar ba. Muna da tsofaffin sojoji a kowace unguwa, waɗanda suka je Laberiya da Saliyo da Darfur da dajin Sambisa, muna da 'yan gudun hijirar da suka baro Borno da Zamfara suna zaune tare da mu. A riƙa haɗa su da matasa su ji daga bakinsu, ga wanda ya yarda ya yi magana. Yaron da ya ji daga bakin wanda ya gani zai ci gaba da wasansa, amma zai san wasa yake yi.

Jiya da yamma na tarar da ɗana zaune wajen dattijon nan, wayar na aljihunsa, yana tambayarsa yadda Monrobiya take. Ban tsaya ba, na wuce ciki na bar su.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, musamman matasanmu masu buga wasannin nan, ina maraba da jin ta bakinsa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.